Giyar da Kawu Ya Zaɓa Mini

Daga Allah muka zo, kuma komai daɗewa wurinsa za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan nan, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, Allah ya karɓi ran kawuna, ƙanin mahaifiyata, bakaniken da masu motoci suka fi sani da Mai Alli. A cikin motata ya cika, ina riƙe da sitiyari. Yau kwana ashirin ke nan.

Kawu, sunan nan ya samo asali ne daga guntun allin da ba ya rabuwa da bayan kunnenka. Aikinka aksil ɗin baya ne, wurin da ƙarfin inji yake rabuwa ya shiga tayoyi. In aka kawo maka mota sai ka ɗaga bayanta da jak, ka ja layi a taya, ka ja wani a jikin farfela, wato sandar da take kawo juyin inji zuwa baya. Sai ka juya tayoyin sau ɗaya kana ƙirga juyin farfelar da leɓɓanka. Daga nan ka san halin motar, sau da yawa har da halin mai ita. Na taɓa ganin ka jefar da sifana ka bi wata bas da gudu, ba takalmi a ƙafarka, don kawai ka ji kukan aksil ɗinta lokacin da ta wuce ƙofar gareji. Da direban ya tsaya aka buɗe, babu ɗigon mai a ciki, ga fasinja maƙil.

Shekara uku da suka wuce na sayi motar nan mai ƙaton inji. Da ita nake zuwa aiki kullum, tafiyar kusan awa guda a babbar hanya, da ita nake kai 'yata makaranta. Abokaina suka hure mini kunne cewa in canza giyar aksil, in sa wadda farfela za ta juya sau huɗu da 'yan kai kafin taya ta juya sau ɗaya. Suka ce da na taɓa totur motar za ta zabura kamar an harba ta. Na zo maka ina zumuɗi. Ka saurare ni har na gama, sannan ka tambaye ni nisan wurin aikina, da girman tayoyina, da wanda yake zama a baya.

Ka ce, "Ɗan Yaya, waccan giyar ta filin tsere ce. A babbar hanya injinka zai yi ta ihu yana shan mai, kai ma kanka ya yi ta ciwo. Ran da aka yi ruwa kuwa, tayoyin baya za su riga ka yanke shawara."

Ka sa mini mai juyi uku da rabi. Ka ce tana da kuzarin tashi daidai misali, kuma za ta bar inji ya numfasa a doguwar tafiya. Na yi godiya a baki, a raina kuwa na ce tsufa ne ya sa ka tsoro.

Abin da na yi bayan nan, har gobe ina jin kunyarsa. Na kai motar wani gareji a ɓoye aka cire aikinka, aka sa wadda nake so. Sati biyu ina jin daɗi. A sati na uku, wata safiya ana yayyafi, na shiga shataletale da 'yata a baya tana rera waƙar makaranta. Na taka totur kaɗan, kaɗan ƙwarai, don in riga wata tirela fita. Bayan motar ya kubce. Na ga shaguna sun wuce ta gabana, na ga hanyar da na fito, sannan na ga gaban tirelar ya cika gilashina. Ƙarar birkinta har yau tana cikin kunnena. Da komai ya tsaya, tsakaninmu da ƙarfenta bai kai kamu ɗaya ba. Yarinyar ba ta yi kuka ba, kuma shirun nan nata ya fi komai firgita ni. Na kasa juyawa in dube ta.

A giya ɗaya na lallaɓo zuwa wurinka. Tun daga bakin titi ka ji kukan motar ka san abin da na aikata. Ka buɗe ƙofar baya ka ɗauki jikarka, ka zaunar da ita a kan bencinka, ka ba ta ruwa, ka yi ta zolayarta kana kiranta amaryarka har ta yi dariya. Sai da yamma, bayan na karɓo tsohuwar giyar ka mayar, kana shafa wa haƙoranta jan fenti don ka ga inda suke cizon juna, ka yi magana ba tare da ka ɗago ba.

"Na san za ka dawo. Abin da na yi ta roƙon Allah shi ne ka dawo da ƙafarka."

Ko Umma ba ka taɓa gaya wa ba. A nan za ta fara jin labarin.

Ranar Talatar nan canjin man aksil kawai ya kawo ni. Ka fito daga ƙarƙashin motar, ka sauke jak, sai ka zauna a kan wata tsohuwar taya ka dafe ƙirji. Gumi ya jiƙa rigarka, fuskarka ta yi fari kamar an shafa toka. Na ƙwala wa maƙwabcinka mai walda kira, muka kinkime ka muka kwantar a kujerar baya, ya tallafe kanka. Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Ina danna oda, ina kutsawa tsakanin motoci, ina jin numfashinka yana sarƙewa a bayana. Muna dab da wata mahaɗa sai na ji muryarka, ƙasa-ƙasa.

"Sassauta ƙafa, ɗan Yaya. Akwai 'ya'yan mutane a hanya."

Na sassauta. Mai walda ya fara laƙƙana maka kalmar shahada, na ji ka amsa. Da na dubi madubi sai na ga hannunka ya zame daga ƙirjinka. Saura titi biyu mu isa asibiti.

Likita ya ce zuciyar ce ta tsaya gaba ɗaya, ko a ƙofarsu abin ya same ka da wuya su iya wani abu. Na yarda da shi, na kuma yarda kwana ne ya ƙare. Duk da haka wani tunani yana bibiyata: da ban ɗaga ƙafa ba fa? Nakan tsorata da wannan tambaya, in yi ta istigfari. Ina tsoron madubin motar. Ina tsoron duk wani ƙaramin ƙara da ya fito daga baya, domin babu wanda zai karkata kai ya saurara ya ce mini ba komai. Mafi girma, na ga yadda mutum yake riƙe da sifana da hantsi, kafin azahar an lulluɓe shi, ni kuwa ban shirya ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, uwarmu, da 'ya'yanka biyar, da mai walda wanda bai iya buɗe shagonsa ba har kwana bakwai, da duk direban da ya isa gida lafiya saboda aikin hannunka. Sai Umma, wadda ta ce ita ta goya ka kana jariri, ba ta taɓa kawowa a ranta za ka riga ta ba. Allah ya ba su haƙuri.

Ya Allah, ka gafarta wa Kawu, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ka tabbatar da harshensa lokacin tambaya, ka amintar da shi daga firgicin ranar da uwa za ta manta da ɗanta. Mu kuma da muke kan hanya, ka sa mu cika da imani. Amin.