Ranar da Rediyo Ta Yi Shiru

Tun tana 'yar shekara biyar Baba ya laƙaba mata Rediyo, kuma sunan ya bi ta har yau da take da shekara arba'in da shida da furfura biyu-uku a gefen kunne. Yarinya ce da in ta dawo daga aike sai ta ba ka labarin akuyar da ta gani, da launin igiyar wuyanta, da ƙafar da take ɗingishi da ita, kafin ta tuna ba ta sayo abin da aka aike ta ba. Baba mai gyaran agogo ne. Yakan ɗago daga teburinsa da gilashi maƙale a ido ɗaya ya ce, "Jama'a, wa zai rage mini muryar rediyon nan?" Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, shi ne ya fara leƙowa yana tambaya ko batir ne ya ƙare.

A ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti take aiki. Shekara goma sha tara tana zaune bayan taga mai ƙarafa, tana zaro katunan marasa lafiya daga kantoci, har ta kai tana gane mai tsoron allura daga yadda ya riƙe katinsa. Ta yi aure, auren ya mutu, ba ta son a tayar da zancen, mu ma ba za mu tayar ba. Ɗaki ɗaya take haya, kuma sai ta hau mota biyu kafin ta isa gidan Baba.

Shekara shida ke nan da ciwon ido ya cinye ganin Baba. Ya rufe shago, ya zuba ƙananan sukundirebobinsa a gwangwanin madara, ya zauna a falo ya daina magana sai "to" da "a'a". Wata Asabar Rediyo ta zo yi masa wanki, ta kunna 'yar talabijin ɗin kan kabad don ta rage mata shirun gidan. Can sai ta ji ya ce, "Wane ne wannan mai magana kamar an shaƙe shi?"

Ta leƙa. "Wani mai fito ne, Baba. Tsoho ne dogo, kunnensa ɗaya a yanke. Kogin da yake tuƙi a kai ba ruwa ba ne, toka ce ke gudu."

"Toka? Ƙarya suke yi. Sai me ya faru?"

Shi ke nan, wanki ya kwana a bokiti.

Wasan kwaikwayon dai irin na almara ne, wanda duk duniya ta haukace a kansa. Akwai sarauniyar da inuwarta ta gudu ta kafa tata daular a ƙetaren kogin toka, akwai tagwayen 'ya'yanta da ba sa ga maciji da juna, sannan ga mai fito, wanda shi kaɗai ya san hanyar ƙetarewa, da 'yar tsagaggiyar ƙararrawa ɗaure a sandarsa. Duk Asabar da ƙarfe biyar na yamma Rediyo za ta jawo shuɗiyar kujerar roba ta ajiye a hagun Baba, don kunnen hagu ne mai kyau, ta zama idonsa. Kuma ba wai "ya shiga, ya fita" take cewa ba. Sai ta ce, "Ta yi murmushi, amma irin na matar da aka ce likita ya tashi." Shi kuwa ya kama wuyan hannunta ya riƙe. In abu ya yi zafi ya matse, har ranar Litinin ta je aiki da shatin yatsunsa, tana nuna wa nas-nas kamar wadda aka saya wa awarwaro.

Zango uku na wasan suka yi a haka, ba fashi, ko ana ruwa ko motar haya ta yi wuya.

A ƙarshen zango na uku aka kashe mai fito. Inuwar sarauniya ta kifar da jirginsa, toka ta haɗiye shi, aka sa kiɗan makoki, sunaye suka fara hawa. Rediyo tana share hawaye, sai Baba ya ce, "Mayar baya."

Ta mayar. Ya sake cewa ta mayar. Sau ashirin da ɗaya ta mayar, ta ƙirga.

"Bai mutu ba," in ji Baba. "Ƙarƙashin kiɗan nan akwai ƙararrawa. Sau uku, tsakaninsu daidai wa daida. Abin da ke nutsewa ba ya kaɗawa daidai. Mutum ne ke tafiya yana dogara sanda."

Wata goma sha huɗu aka yi ana jiran sabon zango, kuma wata goma sha huɗu Rediyo ta yi tana yawo da maganar nan tana shan dariya. A asibiti kowa da hasashensa. Mai ba da magani ya rantse tagwayen za su haɗa kai su kashe uwarsu. Babbar nas ta ce inuwar ce uwar gaske, sarauniyar jabu ce. Direban motar asibiti ya ce shi dai in ba a nuna dodon ƙarƙashin kogi ba ya daina kallo. Da Rediyo ta kawo zancen ƙararrawa sai su ce, "Haba Anti, mu masu ido mun ga ya nutse." Ta ce, "Ku masu ido ai shi ya sa ba ku ji ba."

Ana saura mako uku a fara, sai ga Auta.

Auta ƙanwarta ce, shekara goma sha biyu tsakaninsu. Rediyo ce ta goya ta, ita ta yi mata tsarki, ita ta koya mata ɗaura ɗankwali. Mijinta injiniya ne, aiki ya kai su wani gari mai nisa shekara takwas, yanzu an dawo da shi. Duk tsawon makantar Baba, Auta sai dai waya: "Baba ya jiki? Yaya tana kula da kai ko?" Ga ta yanzu ta dawo da turare mai tsayawa a labule, da mota, da talabijin mai faɗin ƙofa wadda sai da mutum biyu suka kafa ta a bango. 'Yar tsohuwar ta kan kabad aka naɗe ta da zani aka tura ƙarƙashin gado.

Wannan duk Rediyo ta haɗiye. Abin da ya tsaya mata a maƙogwaro shi ne na wayar. Auta ta ji Baba yana zancen ƙararrawa, ta ce, "Kai Baba, maimaita!" Ta ɗauke shi a waya, minti ɗaya da rabi, ta saka a dandalin masu kallon wasan. Kafin kwana biyu abu ya zagaye duniya. Wasu na cewa tsoho ya ruɗe, wasu sun sa abin kunne sun ce wallahi akwai ƙararrawa, wasu har sun zana hoton mai fito yana fitowa daga toka. Kuma kowa "Baban Auta" yake cewa. Baban Auta! Babbar nas da kanta ta kawo wa Rediyo wayar har taga tana cewa, "Anti, kin ga wani tsoho mai basira? Irin maganar da kike yi ce fa."

"Ubana ne," in ji Rediyo.

"Kai! Ashe ke yayar Auta ce?"

Ranar nan duk wanda ya zo karɓar kati ya sha harara ba laifin tsaye ba na zaune. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wa ya mayar da wurin nan sau ashirin da ɗaya? Wa aka yi wa dariya wata goma sha huɗu? Kishi take yi, ta san kishi take yi, da ƙanwar da ta goya a bayanta, kuma sanin bai rage mata komai ba. Har addu'a ta kama kanta tana yi a mota, wai Allah Ya sa mai fiton ya mutu murus, kowa ya huta. Ta yi istigfari, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Ranar Asabar ɗin da za a fara sabon zangon, motar farko ta lalace a hanya, sai biyar saura minti goma ta iso. Falo ya cika: injiniya, maƙwabta, ƙawayen Auta biyu masu dogayen farce. An kawo sababbin kujeru. Shuɗiyar kujerarta tana baranda, an ɗora mata takalman baƙi. A hagun Baba kuwa Auta ce zaune, ta miƙa hannu da waya tana ɗaukar fuskarsu su biyu.

"Yaya, sannu da zuwa! Yau ki huta, ni zan yi wa Baba bayani. Mutane suna jiran su ga yadda zai yi."

Rediyo ta dubi Baba. Kalma ɗaya take jira. Shi kuwa ranar yana cikin farin ciki, an sa masa sabuwar riga, gida ya cika da mutane rabon da ya ga haka tun yana gani. Ya yi dariya ya ce, "To, bari mu ji muryar sabon rediyo."

Wasa ya yi. Ita ma ta san wasa ya yi. Amma ta koma bakin ƙofa ta jingina, ta harɗe hannu a ƙirji, ta ce a ranta, to bismilla, a ji.

Aka fara. Auta ba muguwa ba ce, ba ta dai iya ba. "Ga sarauniya nan. Ta sa ja. Kai, kayan nan sun yi kyau! Ga wani ya shigo." Baba ya ce wane ne, ta ce, "Wani dai." In ana magana a wasan yana bi da kunne, in an yi shiru sai ya zauna kamar wanda aka manta a tasha. Rediyo tana gani, kuma gaskiya daɗi take ji. Duk "wani dai" da Auta ta faɗa, sai ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi a zuciya.

Saura minti biyar a gama, sai wasan ya yi tsit. Ba magana, ba kiɗa. Bakin kogi ne da asuba, toka tana gudu a hankali. Sai ƙararrawa: ɗaya, biyu, uku.

Baba ya miƙe zaune. Hannunsa ya tafi hagu yana lalube, ya ci karo da gwiwar hannun Auta, ta janye don kada hoton ya girgiza.

"Me ake gani?" ya ce.

Kan sanda ya huda toka. Sai hannu. Sai kai, fari fat, da kunne ɗaya a yanke. Maganar tana bakin Rediyo, a shirye, har ta san da wace kalma za ta fara. Taku huɗu ne tsakaninta da shi. Ta dantse leɓe.

"Me ake gani? Ku gaya mini!"

Falo ya kece da ihu. Auta tana tsalle tana "Wayyo! Wayyo Allah! Ku gani!", ƙawayenta suna tafi, injiniya yana dukan hannun kujera. Baba ya juya hagu ya sake tambaya, muryarsa ta nutse cikin hayaniya. Sai da sunaye suka fara hawa wani maƙwabci ya kama kafaɗarsa ya ce, "Baba, ka ci! Shi ne!" Baba ya ce, "To. Madalla."

Rediyo ba ta tsaya sallama ba, ta ɗauki jakarta ta tafi.

Washegari da safe babbar nas ta turo mata hoton da Auta ta saka. Dubban mutane sun riga sun kalla, ana ta yabon Baban Auta. Ita ba yabon ta gani ba. Ta ga hannun tsoho yana lalube a iska, sau uku. A bayansa kuma, jikin ƙofa, ga wata mata ta harɗe hannu ta ɗaure fuska tamau. Wani ya rubuta a ƙasa: "Wace ce waccan kuma? Ko bashi take bin su?" To, ga shi duniya ta gan ta.

Ta hau mota biyu. Ta tarar da shi shi kaɗai a falo, gwangwanin madarar a cinyarsa yana jera sukundirebobi da yatsa. Ta zubar da takalman da suka rage a kan shuɗiyar kujera, ta goge ta da gefen mayafi, ta ajiye a hagunsa.

"Baba, motar ce ta ɓata mini lokaci jiya, kuma hayaniya ta yi yawa, ban..."

"Na ji numfashinki a bakin ƙofa," ya ce. "Tun kina jaririya in kin yi fushi ta hanci kike numfashi."

Ta zauna a kan kujerar.

"Ƙararrawa ai tun bara na ji ta, ba ita na zauna jira ba. So nake in gan shi lokacin da kowa ke ganinsa. Sau ɗaya dai, in yi ihu tare da mutane."

"Bari in mayar maka, Baba."

"Mayar mana."

Ta mayar. Wallahi ba ta taɓa yin bayani irin na ranar ba. Ta faɗa masa yadda tokar ta tsage kamar busasshiyar ƙasa, da yadda take zuba daga girar mai fito, da yadda ya tsaya yana ƙifta ido kamar majinyacin da aka kwance wa bandeji.  Ta ɗora hannunta a kan hannun kujerarsa, kusa da nasa, inda ya saba samu.

Baba ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Hannunsa yana kan gwangwanin, bai ɗaga ba.

"Kin iya, Rediyo," ya ce. "Kashe haka nan, kada ki rasa mota."