Malam Labaran da Rediyo Marar Baki

Kwana tara ke nan da faruwar abin, amma har yau idan firizar Gwaggo Iyatu ta tashi da gurnaninta sai gabana ya faɗi, in waiga in dubi fitilun rauta, na'urar da ke kawo mana intanet. Ina so in rubuta abin da na sani game da Malam Labaran tun yanzu, kada daga baya in mayar da shi ƙaramin abu.

Sunana Najwa. Kimiyyar kwamfuta na karanta, shekara biyu da gama bautar ƙasa, ina zaune wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, a Dutse Alhaji da ke Abuja. Takardun neman aikin da na aika ban san iyakarsu ba. Ƙarshen watan jiya wani kamfani mai ɗaukar masu amsa koken abokan ciniki daga gida ya kira ni ganawa ta bidiyo. Sharaɗinsu guda ne: daga ɗakin da zan riƙa aiki za a yi ganawar, don su ga ko intanet ɗina zai riƙe. Gidanmu kuwa a bayan dutse yake, sabis ɗin waya da ƙyar yake leƙowa ɗaki. Rautar da ke haɗe da eriya a kan rufi ita ce kaɗai hanyata.

Ranar Litinin, ana minti na shida da farawa, fuskar Madam Clara, matar da ke yi mini tambayoyi, ta daskare a kan allo. Fitilun rauta suka mutu, suka sake kamawa ɗaya bayan ɗaya. Na koma, bayan ɗan lokaci ta sake yankewa. Da yamma ta rubuto cewa za su ba ni dama ta ƙarshe ranar Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe.

Babu abin da ban yi ba a kwana biyun nan. Na kashe na kunna. Na soka tsinken sakace a ɗan ramin bayanta na mayar da ita yadda ta zo daga kamfani. Na kira masu layin, suka ce ta wajensu komai lafiya. Hafizu, wanda muka yi aji ɗaya, ya ce rautar ce ta mutu, ya ara mini tasa. Na mayar da layina cikinta, na soka mata wayar wutar da ke nan, saboda kan adaftar, wato ɓangaren da ake sokawa a bango, yana can bayan kabet ɗin kwanukan Gwaggo, ba ya taɓuwa sai an janye kabet ɗin. Ita ma ta Hafizu ta yanke. Muka haɗu a kan cewa laifin masu layi ne, ya ɗauki abarsa ya tafi.

Ranar Alhamis da ƙarfe tara Gwaggo ta same ni zaune a ƙasa gaban rauta ina hawaye. Ta ce in je bakin titi in kira Malam Labaran, wanda ya gyara mata fitilar caji. Na ce mata ai mai gyaran rediyo ne, wannan kuwa intanet ne.

"To ke da digirinki kin gyara?" in ji ta.

Na yafa mayafi na fita.

Teburinsa yana ƙarƙashin wata koɗaɗɗiyar lema a gefen hanyar Bwari, tsakanin mai faci da mai sayar da lemo. Dattijo ne siriri, ya haura sittin, da tabarau mai kauri wanda aka ɗaure ƙafarsa guda da zare. Tarihinsa daga baya na ji, da na koma wurinsa sau biyu. Daga wani ƙauye kusa da Malumfashi ya zo Abuja yana saurayi, yana tallar batir da tocila a faranti. A Karu ya riƙa fakewa rana a shagon wani mai gyaran rediyo, Oga Albert, yana kallon hannunsa, har mutumin ya ce masa tunda ba zai tafi ba ya ajiye farantin ya riƙe masa waya. Shekara bakwai ya yi a shagon. Bai yi boko ba, lambobi kaɗai yake karantawa. Ya ce Oga Albert ba ya barinsa ya kwance rediyo sai ya zauna ya saurare ta tukuna, ya faɗi ciwonta da baki. In ya faɗa daidai a ba shi sukundireba, in ya kuskure ya koma ya zauna. Da rediyo ta ja baya ya koma kaset, daga nan caja da fitilu da fankoki. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai madannai, bai taɓa shiga intanet ba ko sau ɗaya.

A ranar dai ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na gaishe shi a gaggauce, na zuba masa bayani rabi da Turanci. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaya ko abar tana da eriya. Na ce tana da ita.

"To rediyo ce, 'yata," ya ce yana tura kaya cikin jaka. "Rediyo ce marar baki. Tana ji, tana magana, ku ne ba kwa jin muryarta."

Da muka iso gida ya yi sallama, Gwaggo ta shimfiɗa masa tabarma a falo. Na zaci zai ɗauki rautar ya jujjuya. Ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce a kashe fanka, kowa ya yi shiru, ya zauna ya harɗe ƙafa ya runtse ido. Ƙarfe goma saura minti goma. Ina kallon agogo, ina kallonsa, ina jin kamar in fasa ihu. Minti biyar, minti takwas. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga yatsa ɗaya ba tare da ya buɗe ido ba.

Can sai firizar da Gwaggo ke sanyaya kunun aya da zoɓon sayarwa ta yi ƙas a baranda, ta kama gurnani. Ƙwan fitilar falo ya ɗan dusashe ya dawo, abin da na gani sau dubu ban taɓa kula ba. A daidai wannan ƙiftawar fitilun rauta suka mutu.

Shi kuwa ya buɗe ido ya tambayi Gwaggo ta ina yarinyar nan take cin abinci. Sai da ya nuna wayar wutar muka gane rautar yake nufi. Ni da Gwaggo muka janye kabet, kwanuka suna ƙara, tana ta cewa in bi a hankali da samirunta. Ya zare adaftar, ya taɓa bayanta ya ce ta yi zafi da yawa, ya sake soka ta ya kara kunnensa. Sannan ya ce in zo in ji. Na durƙusa. Wani siririn kuka ne kamar na sauro, wanda ban san abin wuta yana yi ba.

Ya ce a cikin adaftar akwai kondensa, 'yar randa ce mai tara wuta. Idan firiza ta tashi takan yi babbar kurɓa, wutar gidan ta ragu na ƙiftawar ido, randar nan ce ke ciyar da rauta kafin wutar ta daidaita. Tamu ta tsage, ba ta riƙe komai. Na tuna rautar Hafizu da na soka wa wannan wayar, kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

Ya ɓanɓare adaftar da bakin wuƙa, ya fara taɓa cikinta da sukundireba don sauran wutar ta fita. Ga kondensar nan kanta ya kumbura kamar ƙosai. Daga jakarsa ya fito da cikin wata tsohuwar rediyo, ya matso da shi dab da tabaraunsa yana bin lambobi da farce har ya sami wadda ta dace. Na lura hannunsa yana ɗan karkarwa lokacin da ya karɓi ruwan da Gwaggo ta ba shi, amma da ya riƙe ƙarfen dalma sai hannun ya tsaya cak. Ɗigo biyu na dalma, ya mayar da murfi, ya naɗe da salatif. Fitilu suka kama.

Sha ɗaya saura minti goma sha biyu. Firizar tana kan gurnaninta tun ɗazu, babu damar gwadawa sai ta huta ta sake tashi. Gwaggo ta ce bari kawai ta kashe ta har a gama.

"Hajiya, in an kashe taki, ta maƙwabta fa?" ya ce. "Kuma aikin nan da take nema ba na yau kaɗai ba ne."

Ban yarda da shi ba, gaskiyar ke nan. Yana fita ƙofar gida na roƙi Gwaggo ta zare firizar, ta zare.

Madam Clara ta bayyana ƙarfe sha ɗaya daidai. Ta yi tambayoyinta, ina amsawa. Wajen minti na ashirin, tana cikin tambayata yadda zan lallashi abokin cinikin da ya fusata, sai na ji injin jan ruwan Maman Marvel, maƙwabciyarmu da muke layin wuta ɗaya, ya tashi a bayan katanga. Shi ya fi firizarmu ci nesa ba kusa ba. Ƙwan falo ya dusashe har ya yi ja. Maganar da ke bakina ta tsaya. Na dubi rauta.

Fitilu huɗu, kore shar, ko motsi ba su yi ba.

Madam Clara ta tambaya ko ina jin ta. Na ce ina ji, na ci gaba. Minti arba'in da uku muka yi. A ƙarshe ta sa na gwada ƙarfin layin tana kallo, ta ce ya yi, in fara horo ranar Litinin mai zuwa.

Da na fito na tarar da shi zaune a kan dakalin ƙofar gida, jakarsa a cinya. Ashe bai tafi ba, ya bar teburinsa a hannun mai faci. Na durƙusa har ƙasa, na rasa ta inda zan fara, sai na ce masa Baba, na sa an kashe firizar.

"Na ji lokacin da ta yi shiru," ya ce. "Na kuma ji injin ruwa. Ta riƙe ko?"

Na ce ta riƙe. Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa gari ya waye, ya miƙo mini kumburarriyar kondensar a tafin hannu, ya ce in ajiye, in kuma je in kunna wa Hajiya firizarta kada kunu ya yi tsami.

Tana nan a kan teburina, kusa da laftof. Yau kwanana biyar a horo. Jiya da na biya ta wurinsa na gaya masa an koya mana cewa idan mutum ya kira yana kukan intanet ɗinsa, abu na farko a ce ya kashe ya kunna. Ya yi dariya har tabaraunsa ya zame. Ya ce ba laifi, amma in fara tambayar mutumin me yake ji a gidan lokacin da ta yanke.