Shekarar da Inna Ta Fitar da Zakka da Bado

Ranar jajiberin ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu da ke bakin fadama a Haɗejiya, ta ɗauko ɗan mudun da ta aro a gidan liman, ta fara auna zakkar fidda kai. Ba shinkafa take aunawa ba, ba kuma gero ba. Tsabar bado ce, 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin furen ruwa da muka daɗe muna tuƙa tuwo da su. Tana aunawa tana kiran sunan mai ita: na Baba da ya tafi ci-rani kudu, nata, nawa, har da na ƙanena Bukar da ko yaye shi ba a yi ba. Ni kuwa ina riƙe mata bakin buhu, ina hura hanci kamar mu ne masu rumbu a unguwar.

A daminar nan ruwa ya cinye mana shinkafa tana gab da nuna. Kogi ya fasa jinga, ya shafe fadamar kaf, har wanda bai sani ba zai rantse ba a taɓa noma a wurin ba. Makarantarmu ma rufe ta aka yi, domin mutanen ƙauyukan da ruwa ya tasa sun cika azuzuwa da tabarmi da tukwane da awaki. Mu yara hutu ya zo mana a ɓagas, muka duƙufa carafke da 'yar gala-gala a gindin darbejiya. Inna ce ba ta ga hutu ba. Kullum da hantsi, da azumi a bakinta, za ta ɗaure zane ta shiga ruwa har ƙirji tana tsinko 'ya'yan bado, ni ina gaɓa da ƙwarya ina karɓa. In ta fito, matsattsaku sun manne mata a ƙafa, sai na barbaɗa musu toka su saki. Mu shanya, mu daka, mu sheƙe. Ba zan yi ƙarya in ce tuwon bado yana da daɗi ba, ƙanshin laka ba ya barinsa. Amma da miyar kuka da ɗan busasshen kifi, shi ya riƙe mu har azumi ya ƙare.

Yayan Baba, wanda muke kira Baffa Alhaji, yana da injin casar shinkafa, kuma ruwa bai kai ga ɗakunan ajiyarsa ba. Ba mugu ba ne, duk shekara yana rabo, layi har bakin titi. Da ya ji Inna ta aro mudu, sai ya kira ni zaure, a gaban abokansa, ya ce, "Ki gaya wa Innarku ta daina wahalar da kanta, Allah ya ɗauke wa irinku. Gobe ta aiko da kwano. Wa ma zai karɓi abincin agwagi?" Aka yi dariya. Har yau ban manta da dariyar nan ba, kuma ban ga dalilin mantawa ba. Na koma gida ina kukan haushi. Inna ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malamai sun ce duk mai abin da ya wuce cin yininsa, ya fitar daga abin da yake ci. Muna da shi. Ba zan tsaya gaban Allah in ce masa ruwa ya ci nawa ba." Kwanon kuwa ba ta aika ba.

Aunawa ba ta da wuya, mai karɓa ne aikin. Ita fidda kai so ake ta shiga hannun mabuƙaci kafin a yi sallar idi, shi ya sa washegari da sassafe na ɗora buhun a ka, Inna ta goya Bukar, muka fita. Gwauruwar da muka fara zuwa gidanta ta buɗe, ta shinshina, ta ce Allah ya karɓa amma mu kai gaba. Gida na biyu ko buɗewa ba su yi ba. Duk shinkafar Alhaji suke jira, kuma babu mai son a ce an ga bado ya shiga gidansa ranar Sallah. Maza sun fara wucewa filin idi suna kabbara, yara sun sha sababbin kaya suna kallonmu, Inna ta tsaya a tsakiyar hanya ta rasa inda za ta nufa. Ban taɓa ganin ta haka ba. Sai na ja mayafinta na ce mu je makarantarmu.

A ajinmu, daidai gindin allo, muka sami wata mata da 'yarta daga wani ƙauye can wajen Kafin Hausa. Rabo bai zo musu ba, don masu rabo fuskar da suka sani suke bi. Ta sa hannu a buhun, ta murza, ta ce an sheƙe shi da kyau, ta karɓa da hannu biyu tana sa albarka. Muna shirin juyawa sai muka ga ta jawo kwano, tana cika tafukan hannunta tana zubawa, tana kiran sunanta da na 'yarta. Ta ɗauka ta kai wa wani tsoho makaho da ke jingine a ƙarshen aji. Da ta dawo ta ce wa Inna, "'Yar'uwa, da na ɗauka bana ba ni da rabon bayarwa." Innar da ba ta zubar da hawaye ranar da ruwa ya ci gonarmu ba, ita ce ta juya wa mutane baya tana share ido da bakin mayafi. Sahun ƙarshe muka samu a idi, cikin tsofaffin kayanmu.

Yanzu ina da albashi, shinkafa nake fitarwa, kuma ko gumi ba na yi a kanta. Rabo ma ya sauya kama: a tara mutane a rana, a miƙa musu 'yar leda, a tasa su da waya ana ɗaukar hoto. Ni ba na faɗa da dukiya, Allah ne ke bayarwa, kuma zai tambayi mai ita. Faɗana da masu ganin talaka hannu ɗaya aka yi masa, na karɓa. Da Inna ta rasu, rabon gadonta bai ci lokaci ba, zannuwa ne da tukwane da akuya. A wurin ta'aziyya na ji wata tana cewa baiwar Allah ta tafi ba ta bar komai ba. Na ɗago na ce mata gaskiya ne, ai gaba ta aika da shi. Ina ma in je da rabin abin da ta je da shi.