Lamba ta Biyu a Hanyar Sabuwa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direba ne a hanyar Faskari zuwa Sabuwa. Shi ya kawo maganar a wani hutu da na dawo daga makaranta, inda nake karatun kwamfuta. Direbobi kan kira juna su ji lafiyar hanya, amma kira ba kullum yake shiga ba, kuma jita-jita ta yi yawa. Ni da wani abokina ɗan Kankara muka rubuta musu ƙaramar manhaja. Motar da ta fara fita da safe, idan ta wuce dajin, direban zai sa lambar sirrinsa ya danna "hanya lafiya". Saƙon ya je saba, wato babbar na'urar da ke karɓa ta rarraba, sauran motocin da ke tasha su tashi.

Kowane direba mun ba shi lamba biyu. Ta farko tana nufin lafiya. Ta biyu tana nufin an tilasta shi, kada kowa ya taho. A kan ta biyun muka yi saɓani da abokina. Shi yana so wayar ta riƙe lambobin ta tantance da kanta, tunda sabis ba shi da ƙarfi a dajin, kuma ta nuna ɗan jan ɗigo don direba ya san gargaɗinsa ya tafi. Ni na ƙi. Waya tana iya faɗawa hannun kowa, abin da ta sani maƙiyi ya sani. Saba kaɗai za ta bambance lambobin, su ma a dagule za a ajiye su, yadda ko mu ba za mu iya karantawa ba. Amsar da waya za ta nuna kuwa iri ɗaya ce ko da wace lamba: "An aika."

"Kai da za a ba ka tsaron randa sai ka sa mata kwaɗo," in ji abokina. "Wa zai tsaya binciken wayar direba?"

Ban iya gardama ba. Na dai kalli ƙasa na ce a'a, na sake cewa a'a, har ya gaji ya bar ni.

Ranar da abin ya faru damina ce, dawa ta fi mutum tsawo. Kawu ne ke da fitar farko, ni kuma ina gaba kusa da shi, zan je gaida kakata a Damari. Mun shiga wani kwari da ruwa ya cinye, ya rage gudu, sai gilashin gaba ya tarwatse a kan cinyoyinmu. Harbi na biyu ya fasa taya. Ɓarayin daji suka fito daga cikin dawa, wasu a kan babura. Wani dattijo mai sayar da goro ya buɗe ƙofa ya ruga. Bai yi nisa ba suka harbe shi a baya, ya kifa cikin kwata, hularsa ta bi ruwa.

Suka kwantar da mu rub da ciki. Ɗaya ya ɗora takalminsa a wuyana, taɓo ya cika mini baki. Babbansu ya jawo Kawu ta kwalar riga.

"Kai ne mai buɗe hanya yau ko? Buɗe masu. Motocin kasuwa muke jira."

Ashe sun san da manhajar.

"Ranka ya daɗe, na mance lambar," in ji Kawu.

Gindin bindiga ya sauka a bakinsa. Na ji ƙarar haƙori. Ya tofar da jini, aka sake zabga masa a haƙarƙari har ya durƙusa. Sai ya ce, "To, to, na tuna."

Akwai wani a cikinsu da ya san waya. Shi ya riƙe ta, Kawu yana dannawa da yatsa mai jini. Daga inda nake kwance ba na ganin wace lamba ya sa. Alamar jira ta yi ta juyawa saboda rashin sabis, bakin bindiga yana kan kunnen Kawu. Can rubutu ya fito. Mutumin ya karanta da ƙarfi, "An aika." Ya shiga ya fita cikin manhajar yana neman wani abu, bai ga sunan direba ko ɗaya ba, bai ga komai ba sai wurin dannawa guda. Ya gyaɗa wa babbansu kai.

Suka koma cikin dawa suka yi kwanto, mu muna kwance a fili. Rana ta ɗaga. Ƙudaje suka taru a bayan dattijon. Babu motar da ta zo.

Babbansu ya dawo a fusace. "Mi ka aika masu?"

"Abin da ka ce, ranka ya daɗe. Ga yaronka nan ya karanta."

Ya sa aka shimfiɗa hannun daman Kawu a kan dutse, ya daddake shi da gindin bindiga, yatsa bayan yatsa. Kawu yana salati har muryarsa ta ɗauke. Ana cikin haka harbi ya taso daga wajen Faskari, 'yan sa-kai ne suka biyo gargaɗin. Ɓarayin suka cinna wa motar wuta, suka kwashe wayoyinmu, suka tasa wasu fasinjoji gaba zuwa daji. Ɗaya daga cikinsu har yau bai dawo ba.

Kafin a kai mu asibiti abokina ya riga ya soke izinin wayar Kawu a saba. Ya zo dubiya ya tsaya bakin gado. Kawu ya dube shi da kumburarren baki ya ce, "Ɗan Kankara, ina jan ɗigon naka? Da an sa shi, da yanzu kuna zaman makokina."

Hannun bai ƙara riƙe sitiyari ba. Yanzu Kawu a tasha yake zama da sabuwar waya a hannun hagu, kuma babu motar da ke tashi sai ya duba ya ce a tashi.