Ranar da Yaya Ya Taya Firigo Kamar Sa

Shekarar da likita ya ɗora Inna a kan allurar ciwon suga, wata huɗu ta yi a gidana a Tasawa, kuma babu ranar da ba ta tuna mini cewa ita baƙuwa ce ba. Maganin ba ya son zafi, sai an ajiye shi a firigo. Ni ina da firigo, gidanmu na Korgom babu. Abin da ya tsare ta ke nan. In na dawo daga lekol, inda nake koyarwa, sai in tarar ta ƙulle kayanta a zane, wai gyara take yi, tana tambayata labarin awakinta kamar ni na baro su.

Yayana, wanda ke zaune da ita a can, yana da faifan sola biyu da batir don fitila da cajin waya. Muka shirya a sayi firigo a gwada shi, in ya riƙe sanyi Inna ta koma ɗakinta. Ya hawo babur ya zo, muka nufi shagon wani Alhaji a bakin titi.

Shi Yaya tun yana saurayi cinikin shanu ya sani, kuma da wannan ilimin ya shiga shagon. Ya zagaya firigo, ya daki kwiɓinsa da tafin hannu, ya ɗaga gefe ya ji nauyi, ya sa a jona ya kara kunne. Wani dogon tsoho, irin waɗanda ake kawowa bayan sun gama aiki a Turai, ya fara gurnani. Nan take fuskar Yaya ta washe.

"Wanga shi ne. Ji numhwashi!"

A ƙofar akwai takarda manne mai layuka kala-kala, daga gajeren kore a sama zuwa dogon ja a ƙasa, kowane da harafinsa. Baƙar kibiya tana nuna can ƙasa, wajen jan. Yaya ya ce ai ga shaida, layinsa ya fi na kowa tsawo.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Malam, in sola gare ku, ku diba ƙaramin nan. Kibiyatai na sama, wajen kore. Wanda ka riƙa, ci garai."

Na san gaskiya ya faɗa. Kore na nufin ƙarancin cin wuta, lambar da ke ƙasa kuma wutar da zai sha a shekara ce, ta dogon ta yi wa ta ƙaramin nisa. Amma a gidanmu ƙanwa ba ta gyara wa yayanta ciniki a gaban mutane. Na dai ce a hankali, "Yaya, ko mu ƙara dibawa?"

"Malama, ke da alli, ni da ciniki."

Na bar shi ya biya kuɗin dogon. Har yau ina jin haushin hakan.

Kwana uku da ɗora firigon a mota sai ga kiran Yaya, da wayar maƙwabci. Firigon kan shanye batir tun kafin gari ya waye, ruwan da ke ciki ya kwana da ɗumi, fitila da waya duk sun mutu. Inna tana gefe tana ji. Ta jawo ƙullinta ta kwance, ta jera kayan a kwando. Wannan ya fi faɗa yi mini ciwo.

Ran Asabar na hau kabu-kabu zuwa Korgom. Na same shi shi kaɗai yana zuba wa shanu harawa, babu idon kowa.

"Yaya, saniya biyu, nononsu ɗai, amma guda na cinye rabon ukku. Wace za ka ɗauka?"

"Wagga ma tambaya ce?"

"To takardar can ci take hwaɗi, ba ƙarhi ba."

Ya zuba sauran harawar. Can ya ce, "To mi ya hana ki hwaɗi tun a shago?"

Alhaji, Allah ya saka masa, ya yarda aka yi musanya. Ƙaramin ba ya ƙara ko kaɗan, shi ya sa Yaya bai yarda da shi ba. Mako guda yana buɗe shi da sassafe yana taɓa gorar ruwa. Rana ta takwas ya kira, da wayarsa wannan karon, ya ce ruwan har cikin haƙori.

Ni na raka Inna, maganin yana cikin 'yar kula mai ƙanƙara a cinyata. Ko zama ba ta yi ba ta wuce wajen awaki, tana faɗan an bar su sun rame. Da zan tafi, daga can ta ɗago mini hannu, ta ce in gaida mutanen Tasawa. Na yi murna ƙwarai, wallahi na yi.

Da na isa gida na auna shinkafar mutum biyu. Sai da na wanke ta na tuna.