Kwandon Dada Mara Gindi

Sabo ne ya sa na ƙaryata kakata a gaban jikokinta, alhali ya san gaskiya take faɗa. Taubashina ne, ɗan kawuna. Yau malami ne a jami'a, ni kuwa a aji uku na sakandare na tsaya, keke nake ja.

A gidanmu na Ɗan Iya, in an ci tuwo an yi isha'i, Dada, kakar tamu, takan zauna bakin murhu tana gasa ƙafafunta, mu kewaye ta. Kowace tatsuniya da ƙurunƙus take rufe ta, mu san an gama ƙaryar yau. Guda ɗaya ce ba ta taɓa yi wa ƙurunƙus ba, ta samudawa masu jifan kwando.

"Dogaye ne, angona," haka take kirana, "zauren nan sai sun sunkuya. Kwandonsu a sama yake rataye, kuma ba shi da gindi. Su sha wuya su jefa ƙwallo, ta zubo ƙasa, mutane su yi ta ihu kamar an haifi ɗa namiji."

Ta ce ranar babban karo gwarzonsu zazzaɓi yake. In an huta sai ya zube a kujera a rufa masa tawul, in an busa ya miƙe. Saura ƙiris a tashi ya jefa daga nesa, ta faɗa, shi ma ya faɗa ƙirjin abokinsa aka ja shi waje. "Da idona na gani," in ji ta.

Sabo ya zungure ni. "Wa ya taɓa ganin kwando ba gindi? Tsohuwa ta rikice. In ka isa, faɗa mata."

Ina son ya ɗauke ni wayayye. Na ce, "Dada, ƙarya kike. Ki yi ƙurunƙus kawai." Jika yana tsokanar kakarsa, amma muryata ba ta wasa ba ce, kowa ya ji. Ta dube ni, ta iza itace, ta ce, "To, angona." Ba ta ƙara ba mu labarin ba har ta rasu.

Bana na je suna gidan Sabo a Yelwa, na tarar yana nuna wa abokansa wani tsohon wasan ƙarshe na ƙwallon kwando a waya. Ga tawul, ga jifan, ga wanda ake ja waje. Tatsuniyar Dada ce sak.

Da muka keɓe, yana dariya ya ba ni sauran. Ashe Dada aikatau take yi a ɓoye gidan wani babban ma'aikaci mai talabijin. Ɗan gidan abokin Sabo ne. Tare da Dada suka kalli wasan, Sabo a kan kushin, ita a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, ko gaishe ta bai yi ba. Tsoronsa kar mu tambaye ta inda ta gani, a san kakarsa 'yar aikin gidan abokinsa ce.

"Haba taubashi, yarinta ce. Ka cika riƙo," in ji shi.

Na ce, "Sabo, kai ka ji kunyarta, amma bakina ka ara ka zage ta. Kai ta rufa maka asiri har ta mutu, ni kuwa ta mutu tana ganin na raina ta. Ni ban yafe wa kaina ba, ballantana kai. Riƙe shinkafarka ta suna, na ƙoshi."