Abin da na faɗa wa kawun bazawara

Wata bakwai yayata tana zubar da jini kafin mijinta ya yarda a kai ta Maraɗi. Duk lokacin da na je da maganar sai ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, kin cika tsoro. Sanyin mata ne. Bari layya ta matso, raguna su yi daraja." Ni ce mai wanke mata zannuwa a bayan ɗaki, ina ɗaga su ɗaya ɗaya, ko yau ya ragu.

Lokotoron da ta duba ta ta ce sankarar bakin mahaifa ce. Aji shida kawai na yi a lakwal, sai na roƙe ta ta yi mini bayani a hankali. Ta zana a takarda. Ta ce naman jiki ƙwayoyi ne ƙanana, kowace da wani furotin mai gadinta, wanda ke hana ta hayayyafa in ta lalace. Wata ƙwayar cuta kan shiga ta sa jiki ya zubar da mai gadin nan da kansa, sai lalatattun su yi ta ƙaruwa. Sau uku na tambaye ta, "Da mun zo da wuri fa?" A na ukun ta ce da mun zo da wuri, da an sami abin yi.

Yayata ta rasu da damina.

Shekara ta zagayo, mijin nata ya tafi neman wata bazawara a Ajekoriya. Kawunta ya zo Dakoro binciken halinsa, ya sauka gidanmu. Innarmu ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba mu san shi da komai ba." Haka ake yi, ba a tona suruki.

Ni da nake tsoron giba kamar wuta, na bi tsohon har zaure. Na ce, "Baba, tambaya ka zo yi ko gaisuwa?" Na faɗa masa komai, wata bayan wata. Na kiyaye kada in ƙara ko kalma ɗaya, don ina so ranar hisabi a sami mijin yayata da laifi shi kaɗai.

Aka mayar masa da goronsa.

Ranar kasuwa ya tare ni bakin rijiya. "Ke kika ɓata mini aure?"

Na ce, "Ni ce, yaya. Kuma ko Tagiris ka nufa neman wata, a mota zan riga ka."